Teku a Cikin Gilashi: Yadda Masu Kiwon Murjani Suka Koyi Auna Ruwa

A shekarar 1846, wata 'yar Birtaniya mai suna Anna Thynne ta je hutu da iyalinta garin Torquay, a gaɓar kudu maso yammacin ƙasar. A cikin 'yan kududdufan da ke saura tsakanin duwatsu idan teku ya janye, ta ci karo da wasu ƙananan halittu masu kama da fure, kowanne zaune cikin ɗan ƙoƙon dutsen da ya gina wa kansa. Murjani ne na ruwan sanyi. Ta kwaso su ta tafi da su gidanta a unguwar Westminster ta birnin Landan, inda mijinta yake babban jami'in coci, ta zuba su a kwanonin gilashi. Landan ba a bakin teku take ba, ruwan gishirin da ta yi guzuri kuma ba mai daɗewa ba ne. Sai ta fito da dabara: kullum 'yar aikinta ta tsaya a bakin buɗaɗɗiyar taga ta riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, kamar yadda mai shayi ke yi, har rabin sa'a ko fiye, domin ya sha iska kafin a mayar wa dabbobin. Da wannan aiki, da sabon ruwan da ake aiko mata daga gaɓa lokaci-lokaci, ta riƙe su da rai kusan shekara uku.

A zamaninta ba a ƙirƙiro ma'aunin tsamin ruwa ba, ba a kuma san hanya mai sauƙi ta auna iskar oksijin da ke narke a cikinsa ba. Ido da hanci su ne kayan aikinta. Yau kuwa, wanda ya ajiye akwatin murjani na lita 40 a falonsa yana da 'yan kwalaben sinadarai da sirinji da littafin da yake rubuta lambobi duk mako. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tarihin da ke tsakanin Anna Thynne da wannan mai falo ya nuna inda karin maganar ta gaza, domin ruwan da ke kashe murjani sau da yawa garau yake, ba wari ba launi.

Dabbar da ke gina dutse

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen ado da ake ratayawa a wuya, sunan kuma daga Larabci ya zo. Wannan jan dutse ƙwarangwal ne na wata dabbar teku da aka daɗe ana haƙowa a Bahar Rum. Danginta na ruwan ɗumi su ne ke gina tuddan murjani: dubban 'yan dabbobi ne manne da juna, suna zuƙo ma'adinai daga ruwa suna gina gidajensu da wani nau'in alli. Tuddan da suka gina ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa kusan rubu'in nau'o'in halittun teku na dogara da su.

Abin da ya sa kiwonsu ke da wuya shi ne yanayin da suka saba da shi. Kifin kogi ya saba da ambaliyar damina da ƙafewar rani, jikinsa yana jure sauyi. Murjani ya rayu cikin ruwan da gishirinsa da ɗuminsa da tsaminsa ba su cika motsawa ba, saboda girman teku yana haɗiye duk abin da aka zuba masa. Wanda ya ɗebi lita 40 ya rufe a gilashi ya raba ruwan da wannan girma. Daga ranar, duk aikin daidaitawar da teku ke yi ya koma wuyansa.

Zamanin da aka yarda da daidaito

Mutanen ƙarni na 19 sun ɗauka sun gano sirrin da wuri. A 1850, masanin sinadarai Robert Warington ya gabatar da takarda a gaban ƙungiyar masana sinadarai ta Landan, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ya bayyana yadda ya ajiye jajayen kifayen ado biyu da wata ciyawar ruwa a tanki, da ganyen ya fara ruɓewa ya ƙara dodon koɗi su cinye, ruwan kuma ya zauna lafiya ba tare da an sauya shi ba. Hujjarsa mai sauƙi ce: dabba na shaƙar oksijin tana fitar da iskar kabon, tsiro na yin akasin haka, don haka idan an haɗa su daidai gwargwado, tanki zai riƙe kansa.

Ra'ayin ya zo a kan gaɓa. An soke harajin gilashi a Birtaniya a 1845, jirgin ƙasa ya kusanto da bakin teku ga mutanen birni. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye na farko da jama'a ke shiga kallo. A 1854 masanin halittu Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyam, nan da nan kuwa ajiye halittun teku a falo ya zama yayi a gidajen masu hali. A wannan shekarar ce kuma Gosse ya wallafa hanyar haɗa ruwan teku a gida, da gishiri iri huɗu: gishirin ci, gishirin Epsom, da wasu biyu masu ɗauke da maganiziyam da fotashiyam. Babu kalshiyam a cikinsu, alhali shi ne tubalin da murjani ke gini da shi.

Yayin bai yi nisa ba. Tankuna suka riƙa ruɓewa, dabbobi na mutuwa cikin makonni, masu gida na sayen sababbi su sake mutuwa. Ɗan Gosse, marubuci Edmund Gosse, ya koka daga baya a kan yadda masu ɗiba suka yashe kududdufan gaɓar Ingila da ya sani tun yana yaro. Wanda ya fi kowa fahimtar matsalar a lokacin shi ne William Alford Lloyd, wanda ya fara da sayar da kayan akwariyam a Landan, daga baya ya kula da manyan gidajen kifi a Hamburg da kuma Crystal Palace, wanda aka buɗe a 1871. Lloyd ya daina dogara da tsiro. Ya gina manyan matattarar ruwa a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu, injinan tururi na zagayawa da ruwan dare da rana. Ma'ana, ya magance ƙanƙanta da yawa. Hanyar ta yi aiki, sai dai ba ta da amfani ga mai ɗan tanki a gida.

Mene ne a cikin ruwan teku

Amsar farko ta fito daga masu binciken teku, waɗanda ba ruwansu da akwariyam. Tsakanin 1872 da 1876 jirgin ruwan Birtaniya mai suna Challenger ya zagaya duniya yana ɗiban ruwa daga tekuna daban-daban. Masanin sinadarai William Dittmar, a birnin Glasgow, ya tantance samfuri 77 daga cikinsu, ya fitar da sakamakon a 1884. Ya tabbatar da abin da Alexander Marcet ya fara hasashe tun 1819: yawan gishiri yana bambanta daga teku zuwa teku, amma rabon manyan sinadaran da ke cikinsa ba ya sauyawa. Kulorin ya kai kusan kashi 55 cikin 100, sodiyam kusan 31, ragowar kuma akasari salfet ne da maganiziyam da kalshiyam da fotashiyam. Matsakaicin ruwan teku na ɗauke da giram 35 na gishiri a kowane kilo.

Wannan binciken ya ba da abu biyu. Na ɗaya, an sami sahihin tsarin da za a bi a haɗa ruwan teku ko'ina, abin da ya zama sana'a a shekarun 1960, lokacin da aka fara sayar da gishirin Instant Ocean daga jihar Ohio ta Amurka. Na biyu, tunda rabon ba ya sauyawa, awo ɗaya ya isa a san jimillar gishirin. Hanya mafi sauƙi ita ce auna nauyin ruwan da wata 'yar sandar gilashi mai yawo a samansa, dabarar da ta tsufa ƙwarai, domin malami al-Khazini ya bayyana irinta a littafinsa Mizan al-Hikma tun ƙarni na 12. Ruwan da ya dace da murjani yakan nuna 1.025 zuwa 1.026, idan aka ɗauki ruwan sha a matsayin 1.

A nan ne ƙaramin tanki ke fara nuna halinsa. Idan ruwa ya tashi tururi, gishirin baya yake tsayawa. Tankin lita 40 da ya rasa lita biyu ya tashi daga 35 zuwa kusan 37, abin da zai iya faruwa cikin 'yan kwanaki a ɗaki mai zafi da fanka. Shi ya sa ƙa'idar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce, abin da ya ƙafe da ruwa marar gishiri ake cike shi. Ruwan ma ba na famfo ba, domin yakan zo da kulorin da taki da ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani ko da kaɗan ne. Sai an tace shi da irin matatar matsi da wasu masana'antun ruwan leda ke amfani da ita.

Gubar da ba a gani

Sanin gishiri bai hana dabbobi mutuwa ba, domin abin da ke kashe su daga jikinsu yake fitowa. Kifi na fitar da amoniya, haka ma ragowar abinci da duk abin da ya ruɓe. Wanda ya taɓa kiwon tarwada a tankin roba ya san abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da sauya ruwa. A ruwan teku lamarin ya fi muni, saboda ƙarancin tsaminsa yana sa kason amoniya mai guba ya ninka na ruwa tsaka-tsaki fiye da sau goma.

Masu binciken noma ne suka warware wannan. A 1877 Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka tsiyayar da ruwan kwata ta cikin yashi, suka ga amoniya na rikiɗewa zuwa nitirat, da suka busa masa kulorofom kuma sai aikin ya tsaya. Wannan ya nuna cewa masu rai ne ke yin sa. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wani masani ya nuna cewa aikin mataki biyu ne: amoniya zuwa nitirit, sannan nitirit zuwa nitirat. Sunansa Robert Warington, ɗan wancan mai ra'ayin daidaito. Ɗan ne ya taimaka wajen gano abin da ya kuɓuce wa uban, wato cewa bayan dabba da tsiro akwai ma'aikata na uku a tanki da ido ba ya gani. A 1890 masanin Rasha Sergei Winogradsky ya ware ƙwayoyin bakteriyar da ke wannan aiki.

Kayan awon ma a wannan zamani suka samu. Gwajin nitirit da Peter Griess ya bayyana a 1879, wanda ke mayar da ruwa launin hoda, shi ne har yau a cikin yawancin kwalaben da ake sayar wa masu akwariyam. Lajos Winkler ya fito da hanyar auna oksijin a Budapest a 1888. A 1909 Søren Sørensen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Kopenhagen, ya ƙirƙiro ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa, kowane mataki ɗaya kuma ninki goma ne. Ruwan teku yana wajen 8.1 zuwa 8.2.

Sai a shekarun 1960 da 1970 wannan ilimi ya isa ga masu kiwo a gida. Suka koyi cewa sabon tanki na buƙatar makonni kafin a sa masa dabba: a bar amoniya ta hau ta sauka, nitirit ya hau ya sauka, a riƙa aunawa har dukansu su koma sifili. Kifayen teku suka fara rayuwa shekaru a gidajen mutane. Amma murjanin da ke cikin tankunan wancan lokaci matacce ne, fararen ƙwarangwal da ake cirewa a wanke da bilic idan sun yi gansakuka. An yi ittifaki cewa murjani mai gina tudu ba ya kiwuwa.

Daga Jakarta zuwa Balin

Abubuwa uku suka rushe wannan ittifaki. A 1959 Thomas Goreau, da ke aiki a Jamaika, ya yi amfani da kalshiyam mai fitar da tiriri ya auna saurin ginin murjani, ya ga yana gini da sauri sosai a cikin haske fiye da cikin duhu. Dalili shi ne wasu 'yan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya da ke zaune cikin naman murjanin, suna sarrafa hasken rana suna ciyar da mai masaukinsu. Ke nan murjani na buƙatar haske mai ƙarfi kamar yadda shuka ke buƙata.

A 1961 wani mai kiwo a Jakarta, Lee Chin Eng, ya rubuta a wata mujallar Amurka yadda yake riƙe murjani da rai ba tare da matata ba. Dutse yake ɗaukowa daga teku da duk halittun da ke manne da shi ciki da waje, ya sa iska, ya bar hasken rana ya shiga. Da yawa da suka kwaikwaye shi a Turai da Amurka sun yi asara, domin ba su da ranar Indonesiya, ba su kuma da teku a bayan gida. Amma dabararsa ta rayayyen dutse ta zauna: ramukan dutsen gida ne ga bakteriya, har da irin waɗanda ke zaune a lungun da oksijin ba ya kaiwa, masu mayar da nitirat iska ta fice.

Na uku ya fito daga masu magana da Jamusanci. Peter Wilkens ya lura a shekarun 1970 cewa dabbar da ke gina dutse tana cinye kayan gininta daga ruwan da take ciki, kuma a rufaffen tanki kayan na ƙarewa. Ya yaɗa amfani da abin da Jamusawa ke kira Kalkwasser, ruwan gasasshiyar farar ƙasa, wanda ake ɗigawa a hankali a madadin ruwan da ya ƙafe. Wata ƙungiyar masu kiwo a Balin ta haɗa wannan da rayayyen dutse, da fitilu masu ƙarfi, da na'urar kumfa wadda ke kwashe ƙazanta tun kafin ta ruɓe. A shekarun 1980, a tankin ɗaya daga cikinsu, Dietrich Stüber, wani murjani mai rassa na dangin Acropora ya tsiro ya girma har ana karya rassansa ana rabawa. Zuriyarsa na nan a tankuna a ƙasashe da dama, ana kiranta da sunansa.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci

Domin gane abin da mutanen Balin suka daidaita, sai a leƙa kicin. Mai girki ta san idan miyar yakuwa ta yi tsami, ɗan jiƙon kanwa ko ruwan toka ke kashe shi. Ruwan teku ma na da tasa kanwar a narke, sinadaran kabonet da baikabonet, waɗanda su ne ainihin abin da ke cikin kanwar kasuwa. Yawansu shi ake kira ƙarfin kashe tsami, ana kuma auna shi da ma'aunin Jamusawa mai suna dKH. Na teku yana wajen 7. Aikinsu biyu ne: suna hana pH faɗuwa, kuma su ne rabin tubalin murjani, domin allin da yake gini da shi haɗin kalshiyam ne da kabonet.

Lissafin shi ke nuna dalilin da ya sa ƙwararru suka fi sa ido a kan wannan lamba. Ruwan teku na ɗauke da kalshiyam kusan miligiram 420 a kowace lita. Duk lokacin da murjani ya cinye miligiram 20 daga ciki, yana tafiya da 2.8 na dKH. Idan tanki ya fara da kalshiyam 420 da dKH 8, zai koma 400 da 5.2. Kalshiyam ya ragu da abin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, tazarar da kwalbar gwaji ta gida kan iya kuskurewa. Ƙarfin kashe tsami kuwa ya zube da fiye da sulusi. A ƙaramin tanki cike da murjani mai girma, wannan na iya faruwa cikin 'yan kwanaki, kuma kafin mai shi ya ga naman murjanin na saluɓewa daga ƙwarangwal, aikin gama ya gama.

Awon kansa ba shi da wuya. A ɗebi ruwa kaɗan a kwalba, a sa sinadari mai launi, a riƙa ɗiga wani ruwa mai tsami ana ƙirgawa har launin ya juya. Yawan abin da aka ɗiga shi ne amsar. Awon kalshiyam da maganiziyam ma haka yake, bisa hanyar da Gerold Schwarzenbach ya samar a Zurich a shekarun 1940. Maganiziyam, wanda ke wajen miligiram 1,300 a lita, shi ne mai shiga tsakani. Ruwan teku na ɗauke da kalshiyam da kabonet fiye da yadda ya kamata su zauna tare a narke, maganiziyam ne ke hana su haɗuwa su zube kamar gari. Idan ya yi ƙasa, mai tanki zai yi ta zuba kayan gini suna daskarewa a jikin famfo da na'urar ɗumama ruwa, lambobin kuma ba sa hawa. A 1994 Hans-Werner Balling ya wallafa hanyar zuba kalshiyam da baikabonet daga mazubai daban-daban gwargwadon abin da awo ya nuna an cinye, hanyar da galibin masu ƙananan tankuna ke bin wani nau'inta a yau.

Kuskuren masu awo

Samun kayan awo ya haifar da nasa ciwon. Da aka gane cewa nitirat da fosfat na ciyar da gansakuka, fosfat kuma na rage saurin gini, sai masu kiwo suka shiga gasar kai su sifili. Murjani ya riƙa koɗewa yana mutuwa a ruwan da kowane gwaji ya ce tsaf yake. A farkon shekarun 2010, binciken Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ya nuna cewa idan fosfat ya yi ƙaranci alhali naitirojin na da yawa, 'yan tsirran da ke cikin murjani sukan raunana, ya fi saurin koɗewa da zafi da haske. Abin da aka ɗauka ƙazanta ce zalla, ashe ɗan kaɗan daga cikinsa abinci ne.

Su ma kayan awon suna ƙarya. Sinadarin gwaji na lalacewa idan ya tsufa. Launi na sauya kama tsakanin hasken rana da na fitila. Na'urar auna gishiri ta hanyar lanƙwasar haske na kaucewa idan ba a saita ta da ruwan da aka san adadinsa ba. pH na hawa da rana ya sauka da dare, don haka awon safe da na yamma ba za su zo ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma wani lokaci dalilin ba a cikin tankin yake ba: ɗakin da aka rufe tagoginsa mutane na numfashi a ciki yana tara iskar kabon, ruwan ya shanye ta, pH ya faɗi. Maganin sau da yawa shi ne na Anna Thynne, a buɗe taga.

A yau ana iya aika ɗan ruwa a kwalba zuwa ɗakin bincike, na'ura ta ƙona shi ta karanto sinadarai fiye da 30. Duk da haka, shawarar tsofaffin hannu ba ta sauya ba: a auna a lokaci ɗaya, da kaya iri ɗaya, a rubuta, a dubi inda lambobin suka dosa a tsawon makonni. Murjani ya fi jure lambar da ta ɗan kauce amma ta tsaya wuri ɗaya a kan lambar da ake ta ja sama da ƙasa da sunan gyara. A ƙaramin tanki kuma, sauya kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari na ruwan a kai a kai na gyara abubuwa da dama da babu wanda ya auna.

Darasin ya koma teku

A watan Satumba na 1991 aka rufe mutum takwas na tsawon shekara biyu a cikin wani katafaren ginin gilashi a hamadar Arizona mai suna Biosphere 2. A cikinsa akwai tekun da aka gina, mai ruwa fiye da lita miliyan biyu da rabi, da tudun murjani. Iskar kabon ta taru a ginin, ruwan ya riƙa yin tsami, dole aka riƙa zuba masa kabonet da baikabonet kamar kowane tankin falo. Bayan Jami'ar Columbia ta karɓi ragamar wurin, Chris Langdon da abokan aikinsa suka mayar da matsalar gwaji: suka riƙa sauya sinadaran ruwan da gangan suna auna saurin ginin tudun. Sakamakon da suka wallafa a 2000 ya nuna cewa ginin na raguwa daidai da raguwar kabonet a ruwa.

Wannan ba labarin tanki kaɗai ba ne. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon a sararin samaniya tana wajen kashi 280 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Teku na shanye kusan rubu'in abin da ɗan Adam ke fitarwa duk shekara, kuma pH na samansa ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1. A ido tazarar ba komai ba ce, amma a ma'aunin Sørensen tana nufin ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin 100. Girman da Lloyd ya dogara da shi, wanda aka ɗauka ba ya ƙarewa, shi ma yana da iyaka.

Ilimin da aka tara a faluka ya zama kayan ceto. A 2013, a gidan tarihi na Horniman da ke kudancin Landan, Jamie Craggs ya yi nasarar sa murjanin Acropora ya saki ƙwayayensa a rufaffen tanki, ta hanyar kwaikwayon ɗumin ruwa da tsawon yini da zagayen wata na ainihin mazauninsa. A watan Yuli na 2023, lokacin da wani ma'auni a gaɓar kudancin Florida ya nuna ɗumin ruwa ya haura digiri 38, masu bincike suka shiga teku suka kwaso dubban rassan murjanin da suke reno a can, suka kai su tankuna a kan tudu. A nan suka zauna watanni, ma'aikata na auna gishiri da ɗumi da ƙarfin kashe tsami suna rubutawa, har ruwan teku ya huce aka fara mayar da waɗanda suka tsira.